Amarya da Goyo

Ranar da Tasalla ta fara ganin teku, a ranar ta fara ganin Hamma, kuma shi ne ya fi ba ta mamaki.

Cikin azumi ne, shekarar alif ɗari tara da casa'in, lokacin Legas ce babban birnin ƙasa. An ba su hutu a makarantar kwana da take yi a Kano. Maimakon ta wuce gida Karaye, sai yayarta Dije ta sa aka ɗora ta a jirgin ƙasa ta je ta ga birni. Mijin Dije, Kofur Ɗanmaliki, soja ne mutumin Rogo, suna haya a Obalende kusa da bariki. Mutum ne mai son yawo da baƙi. Ya kai ta ta ga dogayen benaye, ya hau da ita gadar da ke bi ta saman ruwa, sannan ranar wata Asabar bayan la'asar ya ce sai bakin teku.

A can suka tarar da wani saurayi dogo, siriri, da sanda a saɓe a kafaɗa. Ya tsaya can nesa da ruwan, inda ko yashin bai jiƙe ba.

"Ga mutumina!" in ji Ɗanmaliki. "Hamma kenan, ɗan Falgore. Shi ke kawo mana man shanu daga gida. Hamma, matso mana, ba ya cizo."

"Ina ganinsa daga nan, Kofur."

Tasalla ta rufe baki da gyale, amma dariyar ta kuɓuce mata. Ya juyo ya dube ta sau ɗaya, ya mai da idonsa ƙasa da sauri.

"Tsoro kake ji?" ta tambaya, ita kanta ba ta san ta yi magana ba.

"Ruwan da ba ya kwanciya, saniya ba ta sha, ba a ganin ɗaya gaɓar. Me zan je in yi masa, 'yar makaranta?"

"A littafi an ce ya fi ƙasa duka girma."

"To a bar shi a littafin."

Dije na zaune a kan yashi, ta lulluɓa da ƙaton mayafi duk da zafin garin. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi saurayin, ta yi murmushi.

Ciki gare ta, na fari, ya yi nisa. Kunya ta hana ta aika gida. Mahaifiyarsu ta rasu tuntuni, wa za ta faɗa wa? Baba? Ta ce sai bayan Sallah, in Tasalla za ta koma su tafi tare, ta haihu a gida, kowa ya gani da idonsa.

Daga ranar Hamma ya riƙa zuwa shan ruwa gidan. Aikinsa rakiyar shanu ne daga Arewa zuwa Legas. Yakan hau bayan tirela tare da su, kwana da kwanaki, in wata ta faɗi ya shiga tsakanin ƙahonni ya tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. An sauke shanun da ya kawo, yana jiran motar ta samu kayan komawa.

"Kana shiga tsakanin ƙahonni, amma kana tsoron ruwa?" Tasalla ta ce, ranar da ta miƙa masa kunun tsamiya a bakin ƙofa.

"Saniya na san halinta."

"Ni fa?"

Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Ke kin fi kama da ruwan."

Ta shige ɗaki da gudu. Dije ta bi ta da dariya tana cewa, "Oho, ashe hutun bana da riba." Wannan ita ce dariyar ƙarshe da aka yi a ɗakin nan.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, ranar Lahadi, garin ya waye da ƙarar bindigogi daga wajen bariki. Ɗanmaliki yana bakin aiki tun jiya. Dije ta kunna rediyo, wata murya tana cewa an kifar da gwamnati, an cire Kano da wasu jihohin Arewa daga ƙasar, 'yan can kowa ya koma garinsu.

"Yaya, a ina muke kenan yanzu?" Tasalla ta tambaya.

Dije tana tsaye a jikin taga, ta dafe mararta.

Kafin yamma aka ce juyin mulkin bai yi nasara ba. Mutane suka fara leƙowa waje. Ɗanmaliki ne bai dawo ba. Washegari wasu sojoji biyu suka zo da limamin unguwa, suka tsaya a bakin ƙofa suka cire huluna.

Bayan an kai shi makwancinsa, Dije ta ce ba za ta ƙara kwana a garin ba. Hamma ya je tashar jirgi, ya je tashar mota, ya dawo. Ko'ina a cike, masu tafiya Sallah da masu gudun abin da ba su sani ba, har kan rufin motoci.

"Motarmu ta shanu za ta tashi gobe," ya ce, yana kallon ƙasa. "Gishiri aka yi mata lodi. Ba wurin mata ba ne. Amma na roƙi direba, ya yarda."

"Ko a ƙafa ne zan tafi," in ji Dije.

Ya share musu wuri a kan buhuna, ya shimfiɗa tabarma, ya ja tamfol ya yi musu rumfa. Shi ya koma can ƙarshen motar ya ba su baya. Haka suka wuce Badun, suka wuce Ilori, motar tana jijjiga su, warin kashin shanu bai bar katakon ba. Dije ba ta kuka, ba ta magana. In an tsaya Hamma ya kawo ruwa ya ajiye, ya ce, "'Yar makaranta, ki sa ta ta sha," ya koma wurinsa.

Da hantsin ranar Sallah, bayan sun haye gadar Jabba sun yi nisa, Dije ta damƙe hannun ƙanwarta.

"Tasalla, abin ya zo."

"Yaya, lokaci bai yi ba!"

"Ya zo."

Hamma ya bugi rufin gaban motar da sanda har direba ya tsaya. Ya dira ya ruga wani ƙauye da ake hango rufinsa, ya dawo da wata tsohuwa Banufiya da ba ta jin Hausa. A kan buhunan gishirin aka haifi yarinya, 'yar mitsitsiya, bakwaini. Jini kuwa ya ƙi tsayawa. Tsohuwar ta yi abin da ta sani, ta dubi Tasalla ta girgiza kai.

Dije ta nemi a kira Hamma. Ya zo ya tsuguna a bayan tamfol, ta yi masa magana a hankali, Tasalla tana ta fama da jaririyar ba ta ji ba. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Mutanen ƙauyen, da kayan Sallarsu a jiki, su suka yi mata sutura. Wata mai goyo ta shayar da jaririyar. Direba ya ce gishirin mutane ba zai kwana a hanya ba, suka hau suka ci gaba. Daga nan Tasalla ta sa yarinyar a cikin rigarta, fata da fata. Duk inda Hamma ya hangi ruga sai ya roƙi a tsaya, ya karɓo madara, ya dafa a gwangwani ya sirka, ya riƙa ɗiga mata da tsinken auduga kamar yadda ake yi wa maraƙin da uwarsa ta mutu.

"Za ta rayu?" Tasalla ta tambaye shi.

"Tana haɗiya. Mai haɗiya ba ta gaji da duniya ba." Ya dube ta. "Ke ma ki ci wani abu. In kika faɗi, ban san yadda zan tashe ki ba."

A Zariya direba ya sauke su ya wuce abinsa. A-kori-kura ce ta kawo su Karaye, ranar kasuwa, rana tsaka. Duk wanda ke bakin tasha ya ga 'yar Malam Halliru ta sauko, fuska a kumbure, zani duk jini, da jaririya a ƙirji, wani Bafulatani yana riƙe mata akwati.

Malam Halliru manomin gyaɗa ne, dattijo mai ƙarancin magana. Ya saurari 'yarsa har ta gama, ya yi salati, ya tambaye ta abu ɗaya.

"Wane gari aka binne ta?"

"Baba, ban sani ba. Ina cikin tamfol. Hamma ne ya sani."

Aka yi zaman makoki biyu a haɗe. Ƙanwar Malam, Gwaggo Adama, ta samo mai shayarwa a maƙwabta. Ranar suna aka mai da wa yarinya sunan uwarta, ana kiranta Ummi.

Tun ba a share makoki ba magana ta fara yawo. Wa ya taɓa jin Dije na da ciki? Ita kuma Tasalla, rabonta da garin tun farkon shekara, daga makaranta ta zarce Legas, don me? Mata suka riƙa lissafi da yatsu a bakin rijiya. In sun shigo gaisuwa, sai su dubi jaririyar, su dubi ƙirjin Tasalla. Dangin Ɗanmaliki na Rogo, da ma na nesa ne don maraya ne, suka zo gaisuwa suka tafi ba wanda ya ɗauki yarinyar. Legas ta yi nisa, ba wanda zai je ya tambayo.

Akwai Lukumanu, mai shagon kayan masarufi a bakin kasuwa, wanda ya daɗe yana aiko wa Tasalla sabulu da turare tana mayarwa. Ya zo zance da yamma, ya zauna a dakali yana kaɗa makullin babur.

"Ni ba ruwana da abin da ya faru," ya ce. "Kowa yana kuskure. Zan rufa miki asiri. Ita yarinyar a kai ta wani ƙauye, shi kenan."

"Me ya faru, Lukumanu?"

"Haba, Tasalla. Mu ba yara ba ne."

"Yayata ta mutu a kan buhun gishiri. Shi ne abin da ya faru. Sai da safe."

Washegari a shagonsa aka fi jin maganar.

Da abin ya ishi Malam Halliru, sai ya tara liman da mai unguwa da dattawan layi a zaurensa, ya aika Falgore a kira Hamma ya faɗi abin da ya gani. Don girmamawa, ya ce a zo da mahaifinsa, Jibo, kada a ce an kira ɗan mutum gaban manya ba da sanin ubansa ba.

Tasalla tana bayan ƙyaure da Ummi a kafaɗa. Ta ji shigowarsu, ta ji doguwar gaisuwa. Ta leƙa ta ga Jibo, tsoho da malafa, a zaune gefen liman, Hamma kuma ya tsuguna can wajen takalma.

"Yaro," in ji Malam Halliru, "kai ka taho da 'ya'yana daga Legas. Faɗa wa mutanen nan, wa ya haifi yarinyar da ke gidana?"

Shiru.

"Da kai nake."

Hamma ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa gwiwa. Gumi yana ɗiga daga goshinsa. Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito.

"Ka san 'yata Tasalla ko ba ka san ta ba? Mene ne tsakaninku?"

Sai ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fice.

Zauren ya ɗauki salati. Jibo ya tashi ya yi sallama a gajarce ya bi bayansa. Mai unguwa ya ce, "To, Malam, sai haƙuri." A bayan ƙyaure Tasalla ta zame ta zauna a ƙasa.

Malam Halliru ya shigo gida, bai dube ta ba.

"Ban ce kin yi ƙarya ba," ya ce. "Amma wanda ya ga ana yanka ki ya tashi ya fita, kar in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Damina ta sauka. Aka koma makaranta ba da Tasalla ba. Ƙawayenta suka daina shigowa. Ta rame, ba ta fita ko ƙofar gida, daga wankin tsumma sai jijjiga Ummi. In ta tuna tsinken audugar nan sai ta rasa yadda za ta haɗa shi da mutumin da ya ɗauki takalmansa ya fita.

Wata ranar kasuwa, mai tallan nono ta yi sallama. Ta sauke ƙwarya, ta auna wa Gwaggo, sannan ta matso kusa da Tasalla.

"Ni ce Zaituna, ƙanwar wanda kika sani. Ya ce in ba ki."

Kaset ne, a naɗe cikin ganye. Tasalla ta so ta jefa shi a murhu. Ta kai shi ɗaki, ta sa a rediyon Baba, ta rage murya.

"Salamu alaikum. 'Yar makaranta, ni ne. Ban iya rubutu ba, shi ya sa na ari rediyo. Ina cikin daji, ba kowa sai shanu, a nan bakina yana buɗewa. Na san abin da na yi miki. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baffa, mahaifina, bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, in na hango shi a hanya sai in sake hanya. Haka muke. Sai ga shi a zaune, aka ce in yi maganar haihuwa, in yi maganar mace, kuma macen ke ce. Wallahi na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ban ce ki yafe mini ba. Ina kwana ina jin kukan yarinyar nan a kunnena. Tana shan nono sosai? Ke kina cin abinci? Tun ranar da kika yi mini dariya ban ƙara zama daidai ba, kuma ba na so in warke. Ki sa wa Baba wannan ya ji, yanzu zan faɗi komai."

Ta saurari sauran tana kuka. Da Malam ya dawo daga gona, Gwaggo Adama ta ɗauki rediyon ta ajiye a gabansa. Ya ji farkon, ya kai hannu ya kashe.

"Akwati ba ya shaida. A gaban mutane ya kunyata ta."

"Yaya, kai ma fa da naka," in ji Gwaggo. "Ka haɗa ɗan fari da ubansa a zaure ɗaya, Fulani kuma, ka ce ya yi zancen naƙuda? Kai da ko sunan Dije, 'yar farinka, ba ka taɓa faɗa ba har ta koma ga Allah?"

Malam Halliru ya dubi rediyon.

"Ban yi tunani ba," ya ce a ƙarshe. "Girmama shi na yi." Ya share fuska da hannun riga. "Amma an riga an yi. In na kira shi shi kaɗai, za a ce mun shirya. Mutanen da suka ga fitarsa, da uban nasa, su za su ji. In ba zai iya ba, ya bar mu da abin da ya same mu."

Tasalla ta juya kaset ɗin, ta danna jan maɓalli, ta yi magana a ɗaya gefen, don Zaituna ta mayar masa.

"Ɗan Fulani, na ji. Ummi tana shan nono, har ta fara murmushi. Ni ba na ci. Na gane kunyarka, ban raina ta ba. Amma yarinyar nan za ta girma a garin nan, za a kira ta da sunan da ba nata ba, uwarta tana kabari ba ta da bakin cewa tawa ce. Ni zan iya haƙura da kaina. Ita ce ban iya ba. Baba ya ce ranar Juma'a bayan an sauko, a zauren nan, gaban Baffanka. In ka zo, ni taka ce. In ba ka zo ba, ba zan zage ka ba, amma kar ka ƙara aiko da komai."

Ranar Juma'a zauren ya cika fiye da na farko. Har Lukumanu ya rufe shago ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Aka jira, aka jira, har liman ya fara duban inuwa. Sai ga su, tsohon a gaba, ɗan a baya da nisa.

Bayan gaisuwa, Jibo bai zauna inda aka nuna masa ba. Ya ja buzunsa zuwa lungu, ya juya ya fuskanci bango, ya sauke malafarsa ta rufe masa ƙeya.

"Liman," ya ce, "a faɗa wa wancan, yau na baro kunnuwana a ruga. Duk abin da za a yi a nan, ban zo ba."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta.

Hamma ya tsuguna a tsakiyar zaure. Ya matse hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, har sai da mai unguwa ya ce ya ɗaga.

"Matar Kofur ce ta haihu. Da cikinta na san ta tun a Legas. Ni na kira tsohuwar da ta karɓi haihuwar. Ina bayan tamfol na ji kukan yarinyar, na ji kukan ƙanwar tana cewa Yaya kar ki tafi. Ƙauyen yana tsakanin Mokwa da Tegina, hannun dama, akwai ƙatuwar ɗorawa a bakin hanya. Ni na haƙa kabarin, da fartanyar aro. Mutanen garin sun sauko daga idi, sahu uku suka yi mata. Duk suna nan da ransu, wanda ya so in kai shi."

Malam Halliru ya matso gaba.

"Ta yi magana?"

"Ta yi, Baba. Ta yi kalmar shahada. Kafin nan ta ce in faɗa maka ka yafe mata, kunyarka ce ta hana ta aiko da labari. Ta ce yarinyar ta bar wa Tasalla." Ya ɗago kai. "Ta ce ita kuma Tasalla, in ka yarda, ta bar mini ita. Ni ma ina so. Tun kafin ta faɗa nake so."

Malam Halliru ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Tun da aka kawo labarin rasuwar ba wanda ya ga hawayensa sai ranar.

Liman ya dubi bakin ƙofa.

"Wanda ya ɗauki maganar nan ya kai wani wuri, ya san inda ya kai ta. Ya je ya karɓo."

Lukumanu ya sulale. Daga lungu Jibo ya yi gyaran murya, har yanzu yana kallon bango.

"Liman, an gama? Wuyana ya ƙage. In an gama, akwai wata karsana da nake so Malam ya aika a duba."

Kafin kaka Hamma ya kai Malam Halliru da liman har ƙauyen. Suka ga kabarin, suka ga tsohuwar, ta kwatanta musu da hannu yadda yarinyar take 'yar ƙarama. Malam ya dawo ya ce a sa rana.

Ba a daina magana gaba ɗaya ba. Akwai waɗanda har yau in an tuna sai su taɓe baki. Makaranta ma ta wuce Tasalla, abin yana cinta, ko da yake Hamma ya yi alkawarin za ta shiga ajin manya a Rogo, shi ma ta koya masa.

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Ba a yi kiɗa ba, saboda mamatan. Da yamma aka yi wa amarya wanka, aka lulluɓe ta, motar da za ta kai ta Falgore tana jira a waje. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki Ummi daga cinyar Gwaggo, ta saɓa ta a baya, ta jawo majanyi.

"Ke!" in ji wata tsohuwa. "Amarya da goyo? Bar ta a nan ta kwana biyu, a kawo miki daga baya. Kin manta bakin mutane?"

"Ban manta ba, Iya."

Ta ɗaure majanyin tamau, ta fito. A zaure ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya dubi ƙafafun yarinyar da suka leƙo ta ƙarƙashin mayafi, ya ɗora hannu ɗaya a kan amarya, ɗaya a kan goyon.

"Allah Ya yi muku albarka ku biyu. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda ba su ga yau ba. Tashi ki je, 'yata."

Ta ƙofar gida ta fita, mutanen layi duk suna tsaye suna kallo, ba ta rufe goyon ba.

A ruga, bayan 'yan rakiya sun koma, Hamma ya shigo da sallama, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ummi ta ɗago kai daga bayan Tasalla, ta ƙura masa ido, ta miƙa hannu.

"Karɓe ta mana," in ji Tasalla. "Bayana ya gaji. Tun daga Karaye nake ɗauke da ita ni kaɗai."

Ya kwance majanyin da kansa, ya rungume yarinyar, ya zauna kusa da matarsa.

"Daga yau kin daina," ya ce.

Allah Ya bar su tare, Ya raya Ummi, Ya sa ta zama sanyin idonsu. Amin.